Kakar farko a Manchester: danshi a ɗaki, ganye a fili, yara na son ƙwallo

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni da maigidana da yaranmu uku mun zo Manchester a watan Yuni, shi yana karatu. Gidan haya muke, irin na jan bulon nan da ke manne da juna, da ɗan fili a baya. Tun tsakiyar Satumba ba mu yi kwana uku a jere babu ruwa ba. Ganyen bishiyar maƙwabta ya rufe filin, ruwa yana kwanciya a bakin ƙofar kicin, gilashin tagogi yana zufa kowace safiya, kuma na fara ganin baƙi-baƙi a bangon ɗakin yara. Na hana manyan biyun fita ƙwallo don kada sanyi ya kama su, yanzu sun ishe ni da rigima a falo. Da me zan fara? Kuma yaushe wannan daminar za ta wuce?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Sannu da zuwa, ya baƙunta? Allah ya ba maigida sa'ar karatu, ya raya yaran.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don sauran duk a kanta suka rataya. Wannan ba damina ba ce, saboda haka kada ki zauna jiran wucewarta. A gida hadari zai taso daga gabas, a kwashe shanya da gudu, a tsuge ruwa kamar da bakin ƙwarya, bayan awa ɗaya rana ta fito, kafin la'asar tsakar gida ta bushe. Manchester tana samun ruwa kusan milimita 850 a shekara, wanda bai yi nisa da abin da Kano ke samu ba. Amma na Kano a cikin wata huɗu yake zuba, na nan kuwa a warwatse yake cikin kwanaki wajen 150, yawancinsa yayyafi, kuma daga Oktoba zuwa Janairu ya fi yawa. Ga shi babu ranar da za ta busar. Ranar Lahadin ƙarshe ta Oktoba za a mayar da agogo baya da awa ɗaya, sai ki ga an kira magariba kafin ƙarfe 5. A ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4. To aikin busarwar da rana ke yi mana kyauta a gida, a nan ke da maigida za ku yi shi da hannunku.

Baƙin da ke bangon ɗakin yara shi ya fi komai gaggawa. Fumfuna ce. Na yi shekaru ina duba gidajen haya a arewacin Ingila, kuma irin gidan da kika kwatanta na shiga ba adadi. Yawancinsu an gina su fiye da shekara 100 da suka wuce, bangonsu bulo ne zalla babu rata a tsakiya, don haka sanyin waje yana ratsowa har ciki. Ke kuma a ciki kina samar da tururi ba ki sani ba: tukunyar tuwo, shinkafa, ruwan wanka, numfashin mutum biyar cikin dare. Wanki ɗaya da aka shanya a ɗaki yana iya sakin ruwa har lita 2 cikin iska. Da zarar iskar nan mai ɗumi ta taɓa gilashi ko bango mai sanyi, sai ta koma ruwa, kamar yadda kwalbar lemo ke zufa idan an ciro ta daga firij. Zufar tagar da kike gani ke nan, kuma irinta tana sauka a bango inda ido bai kai ba.

Akwai wani gida da ba na mantawa. 'Yan'uwanmu ne, sabbin zuwa kamar ku. Don gudun sanyi sun liƙe duk wata kafa da salatif, har da ƙananan ramukan shan iska da ke saman tagogi, sun kuma jingina sif da bangon waje. Da muka janye sif ɗin, bayansa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ruwa na bin katakon. Matar ta buɗe ciki, atamfofi da lesukan da ta taho da su a ninke duk sun yi ɗigo-ɗigo, suna warin ruma. Ta tsaya riƙe da turmi ɗaya ta kasa magana. Ba ƙazanta ba ce ta jawo, gidan tsaf yake. Iska ce kawai aka hana wucewa.

Abin da za ki yi daga gobe da safe: ki goge zufar tagogi da tsumma, ki matse shi a sinki, ki buɗe tagar kowane ɗakin kwana na minti 10 zuwa 15 ko da ana yayyafi. Ramukan saman taga a bar su a buɗe. In kina girki ki rufe tukunya, ki kunna fankar zuƙe tururi, ki ja ƙofar kicin don kada tururin ya hau sama. Haka a banɗaki bayan wanka. Sif da gado da katifa a janye su daga bangon waje kamar faɗin tafin hannu. Wanki kuwa kada a baza shi a kan hita a ɗakin yara. A keɓe masa ɗaki ɗaya, ƙofa a rufe, taga a ɗan buɗe. Idan da hali ku sayi na'urar tsotse danshi, ba ta cin wuta kamar hita, kuma za ki sha mamakin ruwan da za ki zubar daga cikinta. Akwai ɗan agogon auna danshi mai araha. Ana so ya riƙa nuna tsakanin 40 da 60.

Na san kuɗin gas yana da ciwo, ballantana ga ɗalibi mai iyali. Duk da haka, ɗumi kaɗan na tsawon lokaci ya fi a ƙure hita awa ɗaya a kashe. Hukumomin lafiya a nan suna ba da shawarar kada ɗaki ya gaza digiri 18. Kuma ina roƙonki da girman Allah, kada a hura gawayi a cikin gida don jin ɗumi. Gidajen nan a rufe suke ruf, ba kamar namu ba, iskar gawayi ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Ko turaren wuta za ki yi, ki yi da kaskon lantarki, taga a buɗe.

Fumfunar da ta riga ta fito, idan ba ta da faɗi, ki sa safar hannu da takunkumi, ki fitar da yara, ki goge da maganin fumfuna da ake sayarwa a manyan kantuna, ki jefar da tsumman. Kada ki kankare ta a bushe, ƙurarta ce ke shiga ƙirji. Kada kuma ki haɗa bilic da khal ko wani maganin wanki, haɗin yana fitar da iska mai guba. Amma kafin ki goge, ki ɗauki hoto, maigida ya tura wa mai gidan ko ejan a rubuce, da kwanan wata. Kada kunya ta hana ku. A Rochdale, nan kusa da ku, wani yaro ɗan shekara 2 mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa suka zo daga Sudan, ya rasu a Disambar 2020, kuma binciken kotu a 2022 ya tabbatar da cewa daɗewa cikin fumfunar gidansu ce ta jawo masa ciwon numfashin da ya yi ajalinsa. Iyayen sun yi ta kai kuka ba a saurare su ba. Dalilinsa aka yi dokar da ke ɗauke da sunansa, wadda ta fara aiki a Oktoban 2025 a kan gidajen gwamnati da na ƙungiyoyin samar da gidaje. Ku da kuke hayar ɗan kasuwa ma kuna da kariya: wata doka ta 1985 ta ɗora wa mai gida gyaran rufi da bango da indararo da magudanan ruwa, ta 2018 kuma ta wajabta gidan haya ya zama wanda ɗan Adam zai iya zama a ciki. In ya yi kunnen ƙashi, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma yana da ikon zuwa ya duba.

Na ambaci indararo da gangan, don ba kowane danshi ne daga tururi ba. Ran da ake ruwa sosai, ki sa lema ki fita ki ɗaga kai. Idan ruwa yana ambaliya ta gefen indararon yana bin bango maimakon ya bi bututu ya sauka, ganye ne ya toshe shi. Za ki ga bulon wurin ya fi sauran duhu, wani lokaci har da gansakuka. In wurin ya yi daidai da ɗakin yara, kin gano bakin zaren. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan kuma ki ɗauki hotonsa ki tura. Kada maigida ya ari tsani ya hau bene a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, masu wannan sana'ar suna da kayan aikinsu.

Ruwan bakin ƙofar kicin kuwa mai yiwuwa aikin minti biyar ne. Ki duba ƙasa inda bututun sinki ke zubarwa, za ki ga ɗan rami da murfi mai raga, shi ne rariyar gidan. Ki sa safar roba, ki ɗaga ragar, ki zura hannu ki kwaso ruɓaɓɓen ganye da laka da daskararren mai. Za ki ji ruwan ya yi gurrr ya wuce. Daga nan a riƙa dubawa duk mako har bishiyar ta gama zubar da ganye, wajen farkon Disamba, kuma a daina zuba man miya a sinki.

Ganyen fili a tara shi da manjagara sau ɗaya a mako. In aka bar shi ya kwanta yana kashe ciyawa, a kan dutse kuma santsi yake kamar an zuba kuɓewa. Akwai kwandon shara na musamman na ganye da ciyawa, launinsa da ranar ɗauka sun danganta da ƙaramar hukumarku. Ko ki cusa shi a baƙar leda, ki huda ta, ki ajiye a lungu, bayan shekara ɗaya ko biyu ya zama taki mai kyau. Ƙonawa dai a bar ta: jiƙaƙƙen ganye hayaƙi kawai yake yi, maƙwabta suna iya kai ƙara, kuma bushiya kan ɓuya a cikin tarin. Ciyawa ana yi mata yankan ƙarshe a Oktoba ko farkon Nuwamba, a ranar da ta bushe, ba a ƙwalƙwale ta. Injin lantarki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa haɗari ne.

Sai batun yara, kuma a nan ina bayansu. Ki bar su su fita. Kakar ƙwallon yara a Ingila daga Satumba take farawa har zuwa bazara, wato a cikin ruwan nan da taɓon nan ake buga ta gaba ɗaya. Wanda ya jira rana, sai Afrilu. Mura ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma ta fi yaɗuwa inda aka cunkushe a rufaffen ɗaki. Abin da ke wahalar da yaro shi ne ya gama gudu ya tsaya cikin iska da jiƙaƙƙiyar riga. Saboda haka a sa masa riga mai kama jiki ta ciki wadda ba auduga ba, don auduga tana riƙe ruwa, a ɗora jesi, a tafi da rigar ruwa da busassun kaya a leda ya sauya da an tashi. Takalmi mai ƙusoshi na filin ciyawa ne. Yawancin atisayen dare a filin roba mai fitilu ake yi, wanda ba ya yin taɓo, kocin zai gaya muku irin takalmin da suke yarda da shi. In filin ciyawa ya cika da ruwa su da kansu suke soke wasa su turo saƙo. Idan akwai mai asma a cikinsu, abin shaƙarsa ya kasance a jaka, koci ya sani.

Ki haɗa musu da bitamin D. Daga Oktoba zuwa Maris hasken rana a nan ba ya isa jiki ya samar da shi, hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar maikirogiram 10 a kullum, kuma mu masu duhun fata an ce mu riƙa sha duk shekara. Mai kemis zai nuna miki na yara.

Ke ma kada ki kulle kanki, duhun watannin nan yana taɓa zuciya, musamman ga wadda ta baro dangi. Akwai gudun da ake kira parkrun, wanda aka fara a Landan a 2004: kilomita 5 kowace Asabar da ƙarfe 9 na safe, kyauta, ana yi a wuraren shaƙatawa na Platt Fields da Heaton Park nan Manchester, kuma da yawa tafiya kawai suke yi, wasu da hijabinsu, wasu da keken jarirai. Na yara 'yan shekara 4 zuwa 14 kilomita 2 ne, ranar Lahadi da safe. Rajista sau ɗaya ake yi a intanet.

In sun dawo, a ajiye tsohon tawul da bokiti a ƙofar baya, a cire takalma a nan. A bar lakar ta bushe a kakkaɓe, a cusa tsohuwar jarida a cikin takalmin ta tsotse ruwan, a sauya ta da dare. Kada a ɗora shi a kan hita, fatar tana tsagewa, gam ɗin ya saki. Jiƙaƙƙun jesi da safa kuma su wuce injin wanki kai tsaye, kada su kwana a ɗakin da kike ƙoƙarin busarwa.