Kawu, ga dalilin da ya sa muke kwance birki da hannunmu

Assalamu alaikum Kawu. Ina fatan kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har sau uku. Ka ce an nuna maka hotona a waya ina durƙushe a gindin mota, hannu duk baƙi, taya a gefe, abin kuma ya tsaya maka a rai. Ka tambaya ko aikin ne ya ƙare na ɓoye, ko kuwa garin namu babu kanikawa. Ka ce kai da ka shekara talatin kana jan mota tsakanin Kano da Legas ba ka taɓa kwance birki da hannunka ba, domin kowace sana'a da masu ita, kuma wanda ya shiga gonar wani abinci yake cire masa a baki.

Aiki yana nan Kawu, alhamdu lillahi, kanikawa kuma suna nan, wasunsu ma ƙwararru ne ƙwarai. Amma shekara goma sha shida ke nan ina Manchesta, zan kuma gaya maka yadda mu Hausawan da muka zauna a nan muka tsinci kanmu da sifana a hannu.

A gida idan birki ya fara ƙara, sai ka karkata gindin bishiyar bakanikenka. Ku gaisa, ya leƙa, ya tashi yaro a babur zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo kaya, kafin la'asar ka ɗau motarka. Kayan ne ke cin kuɗi, kuɗin hannu kuwa ana daidaitawa, wani lokaci ma ka ce sai ƙarshen wata. A nan abin a juye yake. Fad ɗin birkin gaba na motata, wato abin da ke matse faifan birki ya tsayar da taya, fam talatin nake sayensa, ƙwan fitila bai kai fam goma ba, amma garejin da ke kusa da ni awa ɗaya ta bakanike fam saba'in ce, ban da haraji. Kuma ba zuwa za ka yi kawai ba, sai ka buga waya an sa maka rana, wani lokaci bayan mako guda. Mafi yawanmu kuwa da motar muke ci: masu tasi, masu kai saƙo gida-gida, masu aikin kula da tsofaffi da ke fita tun kafin asuba. Mota ta kwana bakwai a ajiye, kuɗin haya ba ya jira, na gida da ke zuba ido ƙarshen wata su ma ba sa jira.

Sai kuma gwajin shekara-shekara da suke kira MOT. Tun 1960 aka fara shi a ƙasar nan. Duk motar da ta cika shekara uku dole a kai ta kowace shekara, a ɗaga ta sama, a ɗora tayoyinta kan injin da ke auna ƙarfin birki, a haska fitilunta cikin na'ura a ga inda hasken ya dosa. Kuɗin gwajin ba ya wuce fam 54.85, gwamnati ce ta ƙayyade. Idan fad ya cinye ya koma ƙasa da milimita 1.5, mota ta faɗi. Idan ƙwan fitilar gaba ɗaya ya mutu, ta faɗi. A kama ka kana tuƙi babu takardar, tara tana iya kaiwa fam 1,000, kuma kyamarorin hanya suna karanta lamba. Babu wanda za ka ce wa ranka ya daɗe a yi haƙuri. Abin da ya fi ba mutanen gida mamaki idan sun zo shi ne sakamakon a buɗe yake a intanet: ka rubuta lambar kowace mota, ka ga shekarun da ta ci da waɗanda ta faɗi, da abin da ya kayar da ita. Fitila na cikin manyan abubuwan da ke kayar da motoci, abin da mutum zai gyara cikin minti goma da ya zagaya motarsa kafin ya fita.

Yanayin ma ba irin namu ba ne. Ku ƙura da rana ke cin motarku, mu gishiri ne. Da sanyi ya shigo, manyan motocin hukuma suke bi suna watsa gishiri a kan titi don kada ya daskare, gishirin nan ya haɗu da ruwa ya shiga ƙarƙashin mota. Tsatsa ta kama bututun man birki, ta kama ƙusoshin da kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad yana matse shi, ke zamewa a kansu, sai ka ga fad na gefe ɗaya ya cinye tas, ɗan'uwansa kuwa kamar sabo. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ba za ta fito ba sai bayan takwas na safe. Da fitila kake zuwa aiki, da ita kake dawowa.

To, shi kansa aikin ba kowa ke komawa gidansa ya yi shi kaɗai ba. Gayya muke yi, irin wadda ka ba mu labari kuna yi a gona kuna samari. Ranar Lahadi bayan mun sauke yara a islamiyya, sai mu haɗu a farfajiyar gidan wani dattijo mutumin Maradi, wanda ya yi kanikanci a can kafin ya zo nan ya koma tuƙin bas. Akwai Kanawa, akwai Zage-zagi, akwai 'yan zangon Kumasi biyu da Hausarsu ke sa yaranmu murmushi. Kayan aiki karo-karo muka yi muka saya, suna cikin akwati ɗaya a gidansa. Mai mota shi ke sayo kayansa, ya kawo shayi, idan uwargida ta samu hali ta aiko da masa ko ƙosai. Ba a biyan kowa sisi. Mun tsaya a kan wannan ne saboda dalili biyu: dokar nan ta hana mayar da bakin titi wurin sana'ar gyaran mota, kuma da zarar kuɗi ya shiga tsakani, wanda ba shi da shi zai ji nauyin kawo tasa. Ɗalibai da suka zo karatu suka sayi tsohuwar mota, da matan da mazajensu suka rasu, su ake fara dubawa. Ba na jin mun cire wa wani abinci a baki, domin da yawa daga cikin motocin nan, da ba mu duba su ba, ba gareji za su je ba, haka za a ci gaba da jan su har ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Bari in gaya maka yadda muke yi, na san za ka gane fiye da kowa. Ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya. A sa weji a tayoyin baya, kamar yadda yaron motarka yake yi maka a kan gangara. A sassauta notunan taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga. Jak aikinsa ɗagawa ne kawai. Da mota ta tashi sai a zura kujerar ƙarfe a ƙarƙashinta ta zauna a kai, ita ma tayar da aka cire a tura ta ƙarƙashi. Dattijon nan ba ya ɗaga murya, amma idan ya ga hannun mutum a cikin mota tana kan jak kaɗai, ranar za ka ji muryarsa.

A kwance ƙusoshi biyu na kalifa, a rataye ta da waya a jikin sifirin. Ba a barinta tana lilo a jikin tiyon mai, domin tiyon yana iya rauni ta ciki inda ido ba ya gani. A buɗe murfin tulun man birki, a matsa fistin ɗin da ke tura fad ya koma ciki a hankali, mutum ɗaya yana tsaye yana kallon man kada ya tumbatsa, don yana cin fenti. A zare ƙusoshin zamiya a goge su, a shafa musu giris ɗin da ba ya cin roba. Fuskar fad da faifan birki kuwa ko ɗigon giris ba ya taɓa su. Shi faifan akwai lamba da aka buga a jikinsa mai nuna iyakar sirantakar da zai iya yi, mu auna, idan ya kai a sauya. Kuma ba a sauya gefe ɗaya. Dama da hagu tare, ko da ɗayan yana da saura, in ba haka ba ranar da ka taka da ƙarfi mota za ta fizge ka gefe. Ƙurar da ke wurin ba a hura ta da baki, a fesa mata ruwan wanke birki ta gangara. Notunan taya da sifana mai awo muke ɗaure su, wadda ke yin ƙas idan ta kai adadin da littafin motar ya faɗa. Ba a hawa kan wil sifana da ƙafa.

Akwai abu na ƙarshe, wanda mun koye shi da tsoro. Shekarun baya wani ƙaninmu ya yi nasa shi kaɗai a gida, komai ya yi daidai. Ya shiga ya tayar, ya sa ribas, ya taka birki, feda ta tafi har ƙasa babu komai. Fistin ɗin da ya mayar ciki bai dawo ya kama fad ba tukuna. Motar ta gangara ta daki katangar maƙwabci, a daidai inda 'yarsa mai shekara huɗu take tsaye minti kaɗan kafin nan, uwarta ta kira ta ciki. Ya zo mana jikinsa yana rawa. Tun daga ranar muka sa doka: babu mai yin birkinsa na farko sai da wanda ya iya a tsaye a kansa, kuma ba a miƙa wa mai mota makulli sai an tattaka birki tana tsaye har feda ta yi tauri, mutum biyu sun taka sun shaida. Bayan nan a zagaya unguwa a hankali, kwanakin farko kuma a riƙa taka shi sannu har sabon fad ya zauna.

Man birki shi ne mutane suka fi mantawa, a nan da can. Yana shan damshin iska. Irin wanda ake kira DOT 4, idan sabo ne, ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230 ko fiye, amma idan ya sha ruwa yana iya saukowa kusa da 155. A kan doguwar gangara, irin ta hanyar Snake Pass da ke tsakaninmu da Shefil, ko ta Riyom da ka sha ba mu labari, ruwan ya zama tururi, ka taka ka ji kamar soso. Shi ya sa duk shekara biyu ake zubar da shi a sa sabo. Tsohon kuma ba ma zuba shi a kwata, akwai wurin hukuma da ke karɓa.

Kada ka ɗauka komai muke taɓawa. Bututun ƙarfe da tsatsa ta ci, na'urar ABS mai hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, motocin zamani da birkin hannunsu maɓalli ne wanda sai an haɗa kwamfuta kafin ya saki, duk gareji muke kai su mu biya. Dattijon da kansa yake cewa wannan ya fi ƙarfin farfajiya.

Fitila ta fi sauƙi, amma ita ce na fi so in yi maka magana a kanta, saboda abin da na gani zuwana gida na ƙarshe. Ƙwan halojin, wato ƙwan fitilar gaba da aka saba da shi, irin H4 ko H7, ba a kama gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da sauran, ƙwan ya mutu da wuri. Yana da ɗan kunne da ke shiga gurbinsa ta fuska ɗaya tak, idan ya zauna a karkace zai kama, amma hasken zai tafi sama. Don haka idan mun gama sai mu jira duhu, mu fuskanci bango, mu kunna dim mu ga layin hasken biyu ya yi daidai. 'Yata ta fari ita ke sa mini ƙwai yanzu, hannunta ya fi nawa shiga lungun bayan batir. Fitilar zenon kuwa ba ma kusantarta, wutar da ke tayar da ita ta haura bolt 20,000.

Da muka taso daga Zariya da dare, sau uku direbanmu yana rage gudu har kusan tsayawa, saboda farar fitilar nan ta LED da ake cusawa a gidan da aka ƙera don halojin. Mai ita yana jin daɗi yana ganin haske, na gabansa kuwa ya makance. A nan tun Janairun 2021 motar da aka yi wa haka faɗuwa take a gwaji. Sannan muka wuce wata mai ido ɗaya, kowa a motar ya ɗauka babur ne sai da ta matso. Akwai kuma abin da ba a cika lura da shi ba. Mu nan hagu muke bi, don haka an ƙera fitilunmu su karkata hagu, wajen bakin hanya. Najeriya ta koma dama tun Afrilun 1972, kai ka ga ranar da idonka. Motar da aka kawo daga nan aka juya mata sitiyari, in ba a sauya gidan fitilar ba, haskenta cikin idon mai tahowa yake zuba, ko da a dim take.

Na lura gilashin fitilun motar gida ya yi jawur kamar an shafa masa manja. Roba ce, rana ce ta ƙona ta. Kada a saya sabo tukuna. A samu samfefa mai laushi a jiƙa ta da ruwa, a fara da lamba 800, a koma 1500, a ƙare da 3000, a goge da man sheƙi, sannan a fesa abin kariya daga rana, in ba haka ba wata biyu ya dawo yadda yake. Ba na cewa ka durƙusa da kanka Kawu, ƙafarka ba za ta bari ba, kuma bakanikenka na nan kusa, ya san ka ka san shi. Amma ka sa ɗan autanka ya tsaya a kansa ranar da za a buɗe birkin, ya ga tsohon fad da idonsa, ya ga kwalin sabon, ya tambaya yaushe rabon da a sauya man, ya kuma taka fedar da ƙafarsa kafin a fito da ita titi.

Wani ɗan'uwanmu zai taho kafin Babbar Sallah. Ka sa a zare ƙwan fitilar gaba a ɗauki hoton lambar da ke gindinsa a turo mini, da lambar shasin motar, zan ba shi ƙwai biyu da fad na gaba ya kawo. A gaida Inna, a ce mata man zafin da ta ce yana cikin kayan.