Ƙungiyar Ɓarayi a Wasan Dungeons & Dragons

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke jagorantar wasan da muke yi da abokai a Jidda duk daren Juma'a. Ɗayansu ya zaɓi zama ɓarawo, yana son shiga ƙungiya. Yaya zan tsara ta? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Dungeons & Dragons wasa ne na ƙirƙirar labari, inda mai jagoranci ke ba da labarin, kowane ɗan wasa kuma ya taka rawar mutum ɗaya a cikinsa, kamar mayaƙi, matsafi ko ɓarawo. An fitar da wasan a Amurka a 1974, rawar ɓarawo kuma ta shigo cikinsa a 1975. Ka tsara ƙungiyar kamar sana'ar pawa da sarkinta. Sarkin ɓarayi ne ke raba unguwanni, a ƙarƙashinsa akwai 'yan sane, masu fasa gidaje, masu cin hanci cikin dogarai, da dillali mai sayen kayan sata. Dillalin nan ya fi kowa amfani a wurinka, domin ta bakinsa za ka riƙa ba 'yan wasa labari da aiki. Ya sayi kaya rabin kuɗinsu, sarki ya karɓi ushiri, wanda ya yi sata ba izini a hukunta shi. Ɓarayin suna da zaurancensu, wanda a bugu na 5 na dokokin wasan isar da saƙo da shi yakan ci ninki 4 na lokacin magana ta sosai.

Inda ake samun matsala shi ne mai taka rawar ɓarawon ya tafi aikin ƙungiya shi kaɗai, sauran su zauna zugum. Kada hakan ya wuce minti 10, kuma kowane aiki ya buƙaci mayaƙi ko matsafi. Ka hana shi satar kayan abokan tafiyarsa tun daren farko, don wannan yana ɓata zumunci na gaske.