Yadda za ka sakar wa ma'aikatanka mara, aiki kuma bai kuɓuce maka ba

Wani ɗan kasuwa mai karɓar kwangila ya aiko da tambaya. Yana da ƙaramar tawaga, ayyuka da dama na tafiya lokaci guda, shi kuma wuni yake yana kiran waya yana tambayar inda aka kwana. Ma'aikata sun fara ƙorafin katsalandan, har wani ƙwararre a cikinsu ya ajiye aiki. An ba shi shawarar sayen manhajar bibiyar aiki, yana so ya san ko za ta raba shi da wannan matsala.

Alhaji, za ta taimaka, amma da sharaɗi: duk abin da manhajar ta nuna maka, kada ka sake ɗaga waya ka tambaye shi. Yawan kiran da kake yi rashin ganin aikin ne ya jawo shi, kuma damuwarka tana kan hanya, tunda kuɗinka da sunanka ne a ciki. Sai dai duk kira ɗaya yana katse wa ma'aikaci tunani, yana kuma koya masa ya zauna jiran umarni. Kamfanin Google ya fara wani bincike a 2008 mai suna Project Oxygen, don gano halayen shugabannin da tawagarsu ta fi nasara. Cikin halayen da aka lissafa akwai bai wa tawaga iko da daina tsoma baki a ƙananan abubuwa.

Ka fara da allo mai layi huɗu: abin da za a yi, wanda ake yi, wanda ya maƙale, wanda aka gama. Kowane aiki kati ɗaya, da sunan mutum ɗaya a kansa, da ranar gamawa, da bayanin abin da za a gani a ce an gama. Na ce mutum ɗaya domin katin da ke ɗauke da suna biyu, kowa zai bar wa ɗan'uwansa. Wannan tsari na Kanban ya samo asali ne a masana'antar Toyota ta Japan, inda Taiichi Ohno ya ɓullo da shi da katunan takarda, tun kafin kwamfuta ta shiga ofisoshi. Manhajar Trello, da ta fito a 2011, allon nan ne aka mayar cikin waya, kuma tana da tsarin kyauta. Asana da Jira sun fi ta faɗi, amma Jira an gina ta ne don masu rubuta manhaja, za ta yi wa ƙaramar tawaga nauyi. Google Sheets, manhajar jadawalin lissafi, ma ta isa a fara. Kada ka biya kuɗin wata-wata sai allon kyauta ya yi muku kaɗan.

Layin "wanda ya maƙale" shi ne wurin aikinka, nan nake so ka tsaya. Katin da ke tafiya a kan lokaci ba ya buƙatarka. Wanda ya tsaya saboda ba a saki kuɗi ba, ko mai kawo kaya ya saɓa alkawari, ko wanda ya ba da kwangilar bai amince da zane ba, shi ne naka, kuma sau da yawa za ka tarar sa hannunka ake jira. A Toyota an ɓullo da wata igiya da kowane ma'aikaci ke da ikon ja in ya ga matsala, shugabansa ya zo ya taimaka. Ka yi irin wannan. Ranar da wani ya matsar da katinsa zuwa wannan layi ka rufe shi da faɗa, daga ranar kowa zai riƙa ɓoye matsala, allon ya koma nuna maka abin da kake son gani.

Rahoto kuwa a taƙaita shi. Zama na minti 15 da safe a gaban allon, kamar yadda masu Scrum, wani salon tsara aikin tawaga, ke yi, sai rahoto ɗaya a ƙarshen mako: abin da aka gama, abin da ya makara da dalilinsa, kuɗin da aka kashe idan an gwada da kasafi. Ka kuma rubuta iyakar iko: adadin kuɗin da shugaban aiki zai kashe ba sai ya tambaye ka ba, da kwanakin jinkirin da dole a sanar da kai.

Akwai manhajojin da ke ɗaukar hoton fuskar kwamfutar ma'aikaci ko ƙirga motsin yatsunsa. Ban ba ka shawararsu ba. Zama a kujera suke aunawa, kuma mutane suna saurin koyon yi wa ma'auni wasa. Abin da ya kamata ka auna shi ne kwana nawa kati ke ɗauka daga farawa zuwa gamawa, da yawan aikin da aka dawo da shi gyara. Ka kuma hana mutum riƙe kati fiye da biyu ko uku a lokaci guda.

Sabon ma'aikaci, ko aikin da kuskure a cikinsa zai jawo babbar asara, ya cancanci sa ido na kusa, ka faɗa wa mutumin dalili da lokacin da za ka sassauta. Sauran kuwa ka gwada tsarin a aiki ɗaya na wata guda, ka sanar da tawagar cewa ba za ka kira kowa a kan katin da bai makara ba.