Shin Kurkum Na Maganin Kumburin Ƙwaƙwalwa?

TAMBAYA: Likita, mahaifina na fama da cutar Parkinson, hannunsa na dama na karkarwa har cokali na faɗuwa. An ce kumburin ƙwaƙwalwa ne, wai kurkum da koren shayi suna maganinsa. Mu daina ba shi maganinsa na asibiti, levodopa?

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, Malama. Kada ku daina. Yanke levodopa farat ɗaya na iya sandarar da jiki ya kawo zazzaɓi mai haɗari.

Batun kumburin gaskiya ne. A wannan cuta ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dopamine, mai daidaita motsin jiki, suna mutuwa, masu gadin ƙwaƙwalwar kuma, wato microglia, su harzuƙa su ƙara ɓarna. Sinadarin curcumin na kurkum da EGCG na koren shayi sun lafar da wannan kumburi, amma a jikin ɓeraye. Mutum kuwa, ɗan kaɗan hanjinsa ke tsotsa daga curcumin, hanta ta yi maza ta fitar da shi, abin da ke isa ƙwaƙwalwa bai taka kara ya karya ba. A Jamus an gwada EGCG mai yawa a kan masu cutar MSA, 'yar'uwar Parkinson. Sakamakon 2019 ya nuna bai rage saurin cutar ba, wasu ma hantarsu ta taɓu.

Ni dai ƙwayoyin curcumin da ake tallatawa ne ke ba ni tsoro, musamman idan Baba na shan warfarin mai tsinka jini. Ku nuna wa likitansa kwalbar kafin ya haɗiyi ko ɗaya.