Alhaji, sikeli za ka fara saya, ba inji ba

Wani ɗan kasuwa mazaunin unguwar Nima a Akara, mai fasa dilar gwanjo a kasuwar Kantamanto, ya rubuto cewa ya ji Turai ta wajabta wa kamfanonin tufafi biyan kuɗin sarrafa tsofaffin kayansu. Yana son sayar da filinsa ya sayi injin yayyaga tsumma, tunda "kuɗin Turawa na nan tafe".

Alhaji, don Allah kada ka taɓa filin nan.

Dokar gaskiya ce. Faransa ta fara tun 2007, Tarayyar Turai ta amince da tata a 2025. Amma a can ake karɓar kuɗin, a can ake raba kusan dukkansa. A Faransa ƙungiyar Refashion ke tarawa, ta biya masu tantance kaya a kan kowane tan, sai da takardar awo. Su ma a 2025 sai da suka zube tsumma a ƙofar shaguna saboda kuɗin bai ishe su ba.

Abin da ya dame ni shi ne wasiƙarka babu lissafi ko ɗaya. A dila mai kilo 55, kilo nawa ke zama shara? A sharar nan nawa ne auduga zalla, nawa ne mai roba? Wa zai zauna ya cire zif da maɓalli da hannu, nawa za ka ba shi a wuni? Shekara da shekaru kana zubar da kayan nan ba ka taɓa auna su ba, yanzu kuma kana son ɗora masu fili!

Na san wani a Kano da ya yi wannan gaggawar. Injin ya yi aiki sarai, buhunan zare suka kai rufin sito, babu mai saye. Damina ta shigo, da na je warin rima ne ya tare ni tun daga ƙofa. Manya ma sun sha haka: kamfanin Renewcell na Suwidin, mai sake sarrafa tsofaffin tufafi, ya karye a 2024 don masu saye ba su zo yadda aka zata ba.

Ka ba ni wata uku. Kowace dila ka auna sharar, ka ware, ka rubuta. Ka zagaya wurin masu katifa da filo da kanikawa masu sayen tsumman goge hannu, kowa ya faɗa maka farashin kilo da yawan da zai ɗauka a wata. Ka cire lada, wuta da mota, sannan ka turo mini littafin mu duba tare.