Ku Tambayi Malam: Garin furotin da sabon ɗan sal

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 23, ina gyaran moto a Bukoki nan Yamai. Sati uku ke nan da na fara zuwa sal, wato gidan motsa jiki, ina ɗaga ƙarfe bayan la'asar. Nauyina kilo 62. Waɗanda suka riga ni farawa sun ce in ban sha garin furotin cikin minti 30 da gamawa ba, wahalar banza nake yi. Wani ya kawo mini gwangwani ɗaya, ya ce jika 30. Abincina koko da ƙosai da safe, shinkafa da miya da rana, tuwo da dare. In saya? In na saya, yaushe ake sha?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Mayar da jikkunanka aljihu tukuna, mu zauna mu yi lissafi.

A Tawa na tashi, kuma tun ina yaro nake ganin yadda mata ke yin cuku. A sa wa madara abin da zai daskarar da ita, a shimfiɗa a kan 'yar tabarma, wani ruwa tsararo ya riƙa tsatsowa yana zuba ƙasa. To wannan ruwan shi masana'antun Turai da Amurka ke tacewa, su busar, su zuba masa ɗanɗanon cakulan, su liƙa hoton ƙato a jikin gwangwani. Mafi yawan garin da ake sayarwa a sal asalinsa ke nan. Abinci ne, kuma mai kyau in an samu na gaske. Ludayin da ke cikin gwangwanin yakan ɗauki furotin giram 20 zuwa 25, wato daidai da ƙwai huɗu, tunda kowane ƙwai yana da kamar giram 6. Ka riƙe wannan ƙwai huɗun a ka, duk lokacin da aka zo maka da zance mai daɗi.

Mutumin da ba ya wani aikin ƙarfi, giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a yini. Mai ɗaga ƙarfe yana bukatar fiye da haka, kuma masu bincike sun ga cewa daga wajen giram 1.6 a kilo, ƙarin da ake samu a tsoka ba ya da yawa. Kai mai kilo 62, kana neman giram 100 ke nan a yini. Koko da shinkafa da tuwo, gaskiya da wuya su kai ka can, domin yawancinsu hatsi ne. Abokanka sun yi gaskiya ta nan wajen: kwanonka na da giɓi. Inda muka rabu da su shi ne abin da za a cike giɓin da shi.

Ga yini ɗaya na ɗan Bukoki. Ƙwai uku wurin mai shayi, giram 18. Da rana a ce wa mai abinci shinkafa da wake, kuma waken ya fi yawa. Busasshen wake giram 100, kafin a dafa, yana da furotin fiye da giram 20. Gyaɗa cikin tafi biyu, kamar giram 50, ta ba ka 12. Nono rabin lita cikin fura, wajen 16, in dai mai nonon ba ta yi masa baftisma da ruwan rijiya ba, ka san halin kasuwa. Da dare nama ko kifin kogi giram 100, ka samu 20 zuwa 25. Haɗa ka gani, ka kusa 90, kuma hatsin ma yana da nasa ɗan kason da zai cike sauran. Ban ma taɓo ƙuliƙuli ba, wanda gyaɗa ce da aka matse wa mai har furotin ya taru, ban taɓo awara da kilishi da cuku ba, balle soyayyiyar fara in lokacinta ya yi. Jika 30 ɗin nan, ka tambayi mai shayinku ƙwai nawa za ta saya.

Da aka fara gasar takobi ta kokowa a Tawa a 1975, ina cikin yaran da ke leƙe ta tsakanin ƙafafun manya. Ƙartin da na gani ranar, fura da nono da nama da aikin gona suka gina su. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Batun minti 30 kuwa, shi ya fi ba ni haushi, domin da shi ake tsorata yara su sayi kaya. Tsoka ba ƙofar banki ba ce da za a rufe ta da ƙarfe kaza. Bayan ka wahalar da ita, takan yi yini guda, har fiye, tana gyara kanta tana ƙaruwa. Shi ya sa abin da ka ci a yinin gaba ɗaya ya fi lokacin da ka sha muhimmanci, shi ya sa kuma ranar hutu ma sai ka ci da kyau. Kai da ka ci abincin rana, ka yi sal bayan la'asar, ka ci tuwo bayan magariba, ba abin da ya tsere maka. Abin da ya fi shi ne ka raba furotin ɗin gida uku ko huɗu, giram 20 zuwa 30 kowane zama, maimakon ka tara shi duka a kwanon dare.

Akwai wanda garin ke yi wa rana. Mutumin da ke fita bayan sallar asuba ya yi gudu a filin wasa na Seyni Kunce cikinsa wayam, daga can ya wuce wurin aiki, ba zai ga abinci ba sai azahar: wannan ludayi ɗaya cikin ruwa taimako ne gare shi. Haka direban da ke yini a hanya, da wanda zafin watan Afirilu ke kashe wa cin abinci, da mai azumi da cikinsa ke cika da ruwa da kunu tun buɗa-baki. In ka tsinci kanka a irin wannan hali, ludayi ɗaya a yini ya isa, a kan abinci, ba a madadinsa ba. Fara da rabi na kwana biyu ko uku ka ji cikinka, don wanda madara ke kumbura wa ciki wannan ma yana iya yi masa haka.

Kuma ka dama ka sha nan take. Ni da nake wannan surutu na taɓa damawa da safe, na bar gorar a akwatin moto cikin rana har azahar, na ɗaga na shanye. Kwana biyu ban je makaranta ba, yaran da nake koya wa motsa jiki suka samu hutun da ba su roƙa ba. Abin madara ne, zafin Yamai ba ya raga masa.

Gwangwanin da aka kawo maka, duba hatiminsa, duba ranar ƙarewarsa, duba ko an rubuta giram nawa na furotin ke cikin ludayi. Kar ka sayi wanda aka ƙulla a leda ana aunawa. Irin waɗannan kaya ba a tantance su kamar magani, kuma an sha samun waɗanda aka cakuɗa da sinadarin kumbura tsoka, mai lahani ga hanta da zuciya. Manyan buhunan nan na ƙara nauyi kuma yawancin abin da ke ciki sitaci ne da sukari, fura ta fi su araha.

Shawarata: ka yi wata uku kana zuwa sal sau uku a sati ba fashi, kana ƙara nauyin ƙarfe kaɗan kaɗan, kana barcin awa bakwai ko takwas, kana shan ruwa sosai, ka gyara kwanonka yadda muka lissafa. Ƙarfin da za ka ji a makonnin farko jijiyoyinka ne ke koyon aikin, damtse sai daga baya yake fitowa, da gari ko babu gari. Bayan wata ukun ka hau sikeli ka sake rubuto mini.

Tambaya: Malam, ni uwar 'ya'ya huɗu ce a Yantala, ina tafiyar ƙafa da yamma don in rage ƙiba. Ƙawata ta ce garin furotin na narkar da kitse, amma ina tsoron ya mayar da ni kamar namiji.

Amsa: Hajiya, dukansu biyu ba haka ba ne. Ba ya narkar da kitse, in kin ƙara shi a kan abin da kika saba ci ma nauyi zai ƙara miki. Ba ya kuma ba mace ƙirar namiji. Amfaninsa ɗaya gare ki shi ne furotin na riƙe ciki, kuma dafaffen ƙwai biyu ko kwaɗon zogale da ƙuliƙuli za su yi miki wannan aikin. Rage sukarin shayi da lemun kwalba, ki ci gaba da tafiyarki. In kina da ciwon sukari ko hawan jini, a duba miki ƙoda a asibiti kafin ki taɓa kowane gari, don mai ciwon ƙoda likita ne ke ƙayyade masa yawan furotin.

Tambaya: Ɗana mai shekara 15 ya dame ni in saya masa. Daga wani uba a Harobanda.

Amsa: Alhaji, kar ka saya. Yaro mai girma abinci yake so, da ƙwallo, da barci da wuri. Ka ƙara masa ƙwai biyu da safe da kofin nono, sannan ka bincika wa ke nuna masa gwangwanin, ka je ka ga sal ɗin da idonka.