Amsa: Ko tiyata za ta amfani Mama tunda sankarar ta bazu?

'Yar'uwa, kin ce sankarar nonon mahaifiyarki ta bazu zuwa ƙashi, likita kuma ya kawo shawarar a cire nonon, kina tambaya ko akwai amfani. Akwai, amma amfanin sauƙi ne, ba waraka ba. Wani bincike da aka yi a asibitin Tata Memorial na Mumbai a Indiya kan mata 350, wanda aka fitar a 2015, ya nuna cire nonon a wannan mataki ba ya ƙara tsawon rai. Inda tiyatar ke taimakawa shi ne idan ƙarin ya fashe ya zama gyambo mai zubar jini, mai wari da raɗaɗi.

Na yi jinyar yayata da irin wannan gyambon. Warin ne ya fi damunta, har ta daina bari a shigo ɗakinta. Bayan aikin ta koma zama cikin mutane, tana barci. Sai dai ki tambayi likitan abu biyu: shin akwai isasshiyar lafiyayyar fata da za a rufe wurin, kuma jikin Mama zai ɗauki aikin? In babu gyambo, gashi (wato gasa ƙarin da hasken na'ura a asibiti) da magani sukan wadatar. A kuma ji ta bakinta kafin a yanke shawara.